"Gonar Nan Taka Ce?": Amsoshin Tambayoyi Kan Kalmomin Gona da na Doka

Wasiƙa mafi tsawo a wannan karon ta fito ne daga wani ɗalibin lauya da ke cikin ayarin bincike na malaman shari'a da na aikin gona daga jami'o'i biyu, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar. Suna nazarin yadda ake riƙe gonaki da wuraren kiwo. An rubuta takardar tambayoyinsu da Turanci da Faransanci, aka ba shi ya mayar Hausa. Da shi za mu fara, sauran masu tambaya su biyo baya.

Tambaya: Malam, mun tambayi manoma "Gonar nan mallakarka ce?" Kusan kowa ya ce e. Daga baya muka gano wasu aro suke yi, wasu jingina ce a hannunsu. Ƙarya suka yi mana?

Ba su yi ƙarya ba, tambayar ce ta yi faɗi. A bakin manomi "gonata" na nufin gonar da yake nomawa bana, kamar yadda ɗan haya ke cewa "zan tafi gidana". Kalmar mallaka daga Larabci take, kuma a ƙauye ba da ita ake rarrabe riƙon gona ba. Ana rarrabewa ne da hanyar da gonar ta shigo hannun mutum, kowace hanya kuwa da sunanta da iyakarta.

Gado shi ne abin da ya sauko daga iyaye, amma sai ku tambaya ko an raba. Gonar gadon da ba a raba ba tana iya zama a hannun babban wa shekara ashirin, yana nomanta, alhali ƙannensa mata da ke gidajen aure suna da rabo a ciki. Saye da kyauta suna mayar da gona hannun mutum ɗungurungum. Haya, wadda wasu ke kira sufuri, kuɗi ne a kan damina ɗaya ko biyu. Noma-mu-raba kuma sunansa ya fassara shi: mai gona da mai ƙarfi su raba amfani yadda suka shirya. Riƙo shi ne a bar wa mutum gonar marayu ko ta wanda ya tafi cirani ya kula da ita. Sai aro da jingina, waɗanda su ne suka fi kai mutane gaban alƙali.

Saboda haka ku cire waccan tambayar, ku sa waɗannan a madadinta: Ta yaya gonar ta zo hannunka? In za a sayar da ita, wa za a nemi yardarsa? Wa ke tsinkar ɗorawa da tsamiyar da ke ciki? Za ka iya dasa itace ko haƙa rijiya ba ka tambayi kowa ba? Ta ukun nan tana tona gaskiya da sauri, domin a wurare da yawa 'ya'yan itatuwa na mai asalin gona ne ko da wani ke noman ƙasar. Ta huɗun ma haka, don mai aro ba ya dasa itace. Dasa itace alamar zama ce.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ɗalibin lauya ya lura da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 a Nijeriya ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke samu haƙƙin zama da amfani ne. Gwamna ke ba da na birni, ƙaramar hukuma ke ba da na karkara, har fili mai awon hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Ke nan takardar da muke ce wa "shaidar mallaka" a dokance shaidar izinin zama ce. In kun rubuta mallaka a rahotonku, ku faɗi wacce kuke nufi: ta bakin doka ko ta bakin mai fartanya.

Tambaya: Mene ne ma'anar "In mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe"? Wani dattijo ya faɗa mana ita da muka tambaye shi hukuncin aron gona.

Hoton na zaure ne ko gindin bishiya: ka tarar da wuri ba kowa ka shimfiɗa tabarmarka, mai wurin ya iso, sai ka naɗe ba gardama. Dattijon yana gaya muku aro ba ya zama mallaka komai daɗewa. 'Yar'uwarta ita ce "Zanen aro ba ya rufe katara", amma ita ta fi karkata ga cewa abin wani ba ya biyan buƙata har ƙarshe.

Sai dai kada a ɗauki karin maganar a matsayin dukan hukuncin. Tabarma ana naɗe ta nan take, gona kuwa ba a karɓe ta da shuka a ciki. Al'ada ita ce a sanar da mai aro da rani, ko a jira ya kau da amfaninsa.

Inda rikici ke tasowa shi ne bayan waɗanda suka ƙulla aron sun rasu. 'Ya'yan mai aro sun tashi sun ga ubansu na noman gonar, sai su ce gado ce. A nan ne kalmar hauzi ke shigowa, wadda ake ji a kotunan da ke hukunci da fiƙihun Malikiyya. Hauzi shi ne mutum ya riƙe wuri yana amfani da shi irin na mai abu, wanda ke da'awa yana nan, yana gani, baligi ne, ba abin da ya hana shi magana, amma ya yi shiru. Tsakanin bare da bare shekara 10 ce, tsakanin dangi shekara 40, domin ɗan'uwa yakan yi kawaici. Amma in aka tabbatar da aro, haya, jingina ko riƙo ne mafarin shigar, hauzi ba ya aiki. Wannan ne ya sa magabata suka riƙa karɓar dami ɗaya na gero daga mai aro kowace kaka, abin da ake kira galla a wasu wurare. Damin ba kuɗin haya ba ne, bai kai ba. Shaida ce da ake sabuntawa a idon jama'a duk shekara. Mai bincike da ya rubuta shi a layin "kuɗin haya" ya ɓata lissafinsa, ya kuma ɓatar da ma'anar.

Tambaya: Za mu iya fassara bashin banki da ake ajiye takardar fili da kalmar jingina?

Za a iya, amma sai da ƙarin bayani, don abubuwa biyu ne masu juya wa juna baya. Jingina daga jingine take, wato ka ajiye abu a jikin wani abu na ɗan lokaci. A jinginar ƙauye gonar ce ke tafiya: mai kuɗi ya karɓa yana nomawa, amfanin nasa ne, har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa, a nan ne ake cewa an fanshi gona. A ta banki gonar tana hannun mai ita, takarda ce ke tafiya, kuma a Nijeriya sai da amincewar gwamna in shi ya ba da takardar. In ka tambayi manomi ko ya taɓa jinginar da gonarsa, zai fahimci ta farko kawai. Ku rubuta "jinginar gona" da "jinginar takarda a banki", a rabe.

Malaman fiƙihu kuma suna da magana kan ta ƙauyen, domin mai ba da rance da ke cin amfanin gonar ya shiga bashin da ya jawo riba. Wannan na sa wasu su sake mata suna a gaban baƙo, su ce haya ce. Tambayar da ke warware ta ita ce: in wa'adi ya cika, ana mayar da kuɗin ko sun tafi ke nan? A Nijar an sauƙaƙa wa mai bincike, don hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, suna da takarda daban ga saye, kyauta, aro, haya da jingina.

Tambaya daga wata malamar makaranta: burtali da labi abu ɗaya ne?

Suna kusa, kuma a rediyo ana musanya su. A asali burtali shi ne hanyar dabbobi da ta ratsa tsakanin gonaki, mai shinge hagu da dama, sau da yawa na aguwa, wadda ke fitar da shanun gari zuwa daji ko mashaya. Labi kuwa doguwar hanya ce ta cikin daji da garke ke bi daga wata ƙasa zuwa wata. Fulatanci na da burtol, yana kuma da laawol mai jam'i laabi, kamannin kuwa ba ya ɓuya. Makiyaya ita ce inda ake kiwon, mashaya inda ake shayarwa. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 a kan makiyaya ta fi tsayawa, ita kuwa dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi. Wanda ya haɗa kalmomin huɗu a "wurin kiwo" ba zai iya nuna inda matsalar take ba. Akan samu gari da makiyayarsa lafiya lau, amma an nome burtalin da ke kaiwa can, ya tsuke har saniya biyu ba sa jerawa.

Tambaya: Na ji an ce "kotu ba ta da hurumi", na kuma ji "hurumin gari". Wanne ne daidai?

Duka biyun. Hurumi daga tushen Larabci na haramci yake, wato wurin da aka keɓe aka hana taɓawa. Hurumin gari shi ne filin da ke kewaye da gari wanda ba a yarda wani ya nome shi ba, an bar shi don kiwo, maƙabarta ko faɗaɗa gari. Daga "filin da aka shata wa iyaka" ma'anar ta miƙe zuwa "iyakar ikon wani". A rikicin fili a Nijeriya ma'anonin biyu kan haɗu a rana ɗaya: ƙarar filin da gwamna ya ba da takardarsa hurumin babbar kotu ce, ta gonar karkara kuwa ƙaramar kotun yanki ko makamanciyarta na iya saurare.

Kalmar da ta fi hurumi shan wahala a hannun masu bincike ita ce saura. Saura gona ce da aka bari ta huta, tana da mai ita, kuma iyakarta na nan, ko da gamba ce aka bari a jere ko wata aduwa a kusurwa. Wanda ya dubi hoton tauraron ɗan'adam, ko ya zo da rani, zai ga ciyawa da sabara ya rubuta "fili ba na kowa ba". Daji daban, saura daban. Abin da fiƙihu ke kira mataccen fili, wanda mai raya shi ke samun haƙƙi a kai, bai haɗa da gonar wani da aka bari ta huta ba.

Tambaya: Wace kalma ta dace da aikin da jami'o'i biyu ke yi tare? Wani ya ba mu shawarar "gayya".

Gayya ba ta dace ba. A gayya mai gona ɗaya ne: ya kira mutane, ya ba su fura da tuwo, su yi masa noma, amfanin kuma nasa ne shi kaɗai. In jami'a ɗaya ce ke da kuɗi da tambayoyi da sunan da zai hau rahoto, ɗayar kuma tattaro bayanai kawai take yi, to gayya ce, amma ba na jin haka kuke son a fahimta. Haɗin gwiwa ita ce kalmar. Bahaushe a gwiwa yake ajiye ƙarfi, shi ya sa ake cewa ƙarfin gwiwa, sanyin gwiwa, an kashe masa gwiwa. Haɗin kai na ra'ayi ne, haɗaka ta fi zuwa a kuɗi ko kaya. Haɗin baki kuwa ku nisance shi, wannan na masu ƙulla makirci ne.

In kuna son karin magana a bangon rahoton, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ta isa. Jinka rufin ɗakin ciyawa ce, a ƙasa ake ɗaure ta, sannan maza su kewaye ta su ɗaga lokaci guda su ɗora a kan ginin. In gefe ɗaya ya riga tashi, sai ta karkace.

Sunan fannin kuma ku ce "dokokin noma da albarkatun ƙasa". Kada ku ce "shari'ar noma", don a Hausar yau da kullum shari'a na nufin zaman kotu, mai ji zai zaci wata ƙara ce ake yi. Albarkatun ƙasa sun haɗa ruwa, itatuwa, ciyawa, kifi da abin da ke binne. Ma'adinai na binnen ne kaɗai, irin su zinariya da kuza, kuma sashe na 44 na tsarin mulkin Nijeriya ya ba gwamnatin tarayya su, ko a gonar wa aka same su.

Tambaya ta ƙarshe, a gajarce: diyya ko tara ake biya in shanu sun yi ɓarna?

Abin da ake ba mai gona don asararsa shi ne diyya, a ƙauye ma an fi cewa biyan ɓarna, bayan an je an duba an ƙiyasta dami nawa aka ci. Tara hukuma ke karɓa, ba ta shiga aljihun manomi. Ku riƙa tambayar watan da abin ya faru, domin a Nijar hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, kuma shigar dabba kafin ranar da bayanta ba hukuncinsu ɗaya ba.