Ga ƙanena da giya ta hana shi sakat

Ƙanena, ka ce kana tuba ranar Lahadi, kafin Laraba ka koma wa giya, har kana tambaya ko Allah ya gaji da kai. Bai gaji ba.

Jaraba kanta ba zunubi ba ce. Yesu ma Shaiɗan ya gwada shi kwana 40 a jeji. Romawa 6:14 ta ce zunubi ba zai mallake ka ba, domin kana ƙarƙashin alheri ne. Ikon nan daga Almasihu yake, ba daga ƙwazonka ba.

Amma kada ka tsaya kokawa a bakin rami. Yusufu bai yi gardama da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya gudu. In majalisarku ta Sabon Tasha ce ke jan ka, canza hanyar komawa gida, ko da za ka ƙara kuɗin keke.

Ni ma na sha wannan fama. Ɓoyewa ce ta fi cutar da ni, sai da na buɗe cikina ga wani dattijon ikkilisiyarmu, kamar yadda Yakubu 5:16 ta koyar. Nemi irinsa cikin makon nan, ka riƙa kiransa ranar da albashi ya shigo.