Amsa: sabunta manhajar rauta ta gida

Malam, ka tambaya ko sabunta manhajar cikin rautarka ta TP-Link zai rage yawan katsewar da take yi. Eh, sau da yawa yana taimakawa, yana kuma toshe ƙofofin da 'yan kutse ke bi.

Juya rautar tukuna, akwai 'yar takarda manne a ƙasanta, ka duba lambar samfurin da ko V2 ce ko V3, don fayil ɗin sabuntawar wata ba ya yi wa wata, kuma daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke. Haɗa kwamfutarka da kebul, ban da Wi-Fi, ka rubuta 192.168.0.1 a burauza don shiga shafin saitin rautar, in bai buɗe ba gwada 192.168.1.1. Ka ajiye saitinka kafin ka loda fayil ɗin.

Amma wallahi babbar matsalar wuta ce. Ni nan Unguwar Rogo a Jos ina sabunta tawa, layin da ke nuna lodin ya kai rabi kenan aka ɗauke wuta, shikenan, fitila ɗaya kawai ke ƙiftawa a jikin rautar, har kasuwar Terminus na kai ta wajen mai gyara ya ce sai dai haƙuri. Don haka ka jona ta a inbata, kar ka taɓa ta sai ta sake kunna kanta.