Sau nawa tantabara ke yin ƙwai a shekara?

Ɗan'uwa ka tambaya sau nawa tantabararka za ta yi ƙwai, to ƙwai 2 take sakawa a kowane zagaye, na biyun bayan kusan kwana biyu, sai su kwanta kamar kwana 18, namijin da rana macen da dare har su ƙyanƙyashe. In akwai gero da dawa da ruwa mai tsafta, wallahi tun 'ya'yan ba su tashi ba sai ka ga ta sake yin wani ƙwan, shi ya sa nake ajiye musu kwando biyu. A shekara za su iya zagaye 6 ko fiye. Amma don Allah ka riƙa daka musu ɓawon ƙwai, yawan sakawa na raunata macen sosai.