Rufin tayil na yumɓu yana yoyo: a shafe shi da kwalta?

Alhaji, ka ce rufin gidanka na Agege ya fara ɗiga, kuma wani ya ba ka shawarar a malale shi da kwalta. Don Allah kar ka yarda. Yumɓu yana buƙatar shan iska. In ka toshe shi, danshi zai maƙale a ƙasa ya ruɓar da katakon.

Fara shiga cikin silin ranar da ake ruwa ka bi sawun jiƙar, domin inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ya shigo ba. Galibi matsalar tana tsinin rufin inda simintin ya tsage, ko magudanar ruwan rufin da ganye ya toshe. Tayil ɗin da ya fashe a zare shi a sa sabo, liƙi ba ya daɗewa. A duba katako ko gara ta ci, a sauya ƙusoshi da waɗanda ba sa tsatsa, saboda iskar teku ta Legas tana cin ƙarfe. Mai aikin ya shimfiɗa katako ya taka, kar ya ƙara fasa wasu.

Babban aikin ka bari sai Disamba ko Janairu, rufin ya bushe sarai, a kankare gansakuka, sannan a fesa maganin hana shan ruwa mai barin yumɓu ya numfasa. Kafin nan a rufa tamfol.