Tsohon silikon a jikin jirgin faiba: fetur da wuta ba sa cire shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da jirgin ruwa na faiba mai injin Yamaha, ina jigilar fasinja da shi a Yawuri. Wanda na saya a hannunsa ya lafta silikon, gam ɗin toshe kafa, ko'ina: gindin ƙarafan riƙewa, bakin notocin injin, har da wata tsaga a ƙasa. Yanzu ruwa na tsattsafowa. Na ƙara sabo a kai, bai yi mako biyu ba ya ɓare. Wani mai gyara ya ce in jiƙa shi da fetur, in ya ƙi in bi shi da wutar gas. Hankalina bai kwanta ba, ga damina ta matso. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gara da hankalinka bai kwanta ba.

Sabon ya ɓare ne saboda silikon ba ya kama silikon da ya riga ya bushe. Ko ka kankare tsohon ka ga wurin fes, akwai ɗan maiƙo da yake bari wanda ido ba ya gani, kuma fenti ko gam, duk abin da ka ɗora a kai tashi zai yi.

Sai maganar fetur, wadda na gaji da jinta a bakin 'yan dagaji. Fetur ba ya narkar da busasshen silikon, iyakarsa ya sa shi ya ɗan kumbura. Abin da yake yi da gaske shi ne tururi, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. A fili iska za ta kwashe shi, amma jirgi kamar kwano yake: tururin gangarawa yake ya kwanta a ƙasa, ƙarƙashin katakon da fasinja ke takawa, kusa da batir da tanki. Hancinka kan saba da warin ka ɗauka ya tafi, alhali yana nan kwance. Tartsatsi ɗaya daga kan batir, ko guntun taba daga hannun yaron jirgi, ya isa. To wannan mai gyaran naka cewa ya yi ka zuba fetur, sannan kai da kanka ka kawo wuta! Shi yana tsaye a gaɓa, kai ne a ciki.

Ko babu fetur ɗin ma, wutar ba ta da amfani. Silikon na jure zafi har wajen digiri 200, shi kuwa rezin da aka yi jikin jirgin da shi yakan fara laushi kafin digiri 100, kuma yana ci da wuta. Jirgin zai toye silikon na kallonka. Mafi muni, faiba da ya sha zafi kan saki daga ciki, waje kuwa lafiya lau, sai ranar da aka yi lodi aka shiga tsakiyar tafkin Kainji. Kuma kada wani ya ce maka ya sha yi bai ga komai ba, sa'a ya yi.

Aikin na hannu ne. Fito da jirgin tudu, ka cire batir da tanki. Kwance notocin ka ɗaga ƙarfen gaba ɗaya, kada ka yi ta sakace gefe-gefe. Yanke mai kaurin da sabuwar reza a kwance, sauran ka kankare da abin kankara na roba, ko tsohon katin ATM ma ya yi. Idan ka samu maganin cire silikon na kwalba, shafa ka ba shi lokacin da aka rubuta a jiki. In babu, ɗan kananzir a tsumma na sassauta shi, sannan ka wanke da ruwan omo ka goge da asiton (sinadarin goge fentin farce), kana canza tsumma duk shafawa ɗaya. Asiton ma yana kama wuta, don haka kaɗan, a sarari. Kada ya taɓa gilashin roba, dusashe shi yake yi.

Kada ka fara da samfefa, tura maiƙon take yi cikin jikin faiba. Ka gwada da ruwa tukuna: in ka yayyafa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da saura. In ya bazu ya kwanta, wurin ya fita, sai ka bi da samfefa mai laushi.

Wajen mayarwa, silikon ba na ƙarƙashin ruwa ba ne, kuma mai warin tsami ɗin nan na masu gilashin taga yana cin ƙarfe. Nemi gam ɗin jirgin ruwa, Sikaflex 291 ko 3M 4200. Akwai kuma 3M 5200, amma shi kamun dindindin yake yi, kuma yakan kai kwana 7 kafin ya bushe, kada ka sa shi a abin da za ka sake kwancewa.

Tsagar nan ta ƙasa ba aikin gam ba ce, kowane iri. A goge ta a ɗaure da zaren faiba da rezin. Da ka cire notocin injin kuma, ka tsokana cikin ramin da ƙusa, domin yawanci akwai katako a cikin bangon bayan jirgin. In ƙusar ta nutse ko baƙin ruwa ya fito, katakon ya ruɓe, kuma jirgin ba zai ɗauki fasinja ba sai an canza shi.