Ka je ajin nan, shago ba zai gudu ba

Ɗana, na ga takardar da ka bar mini a kan teburin gyara jiya da magariba, na kuma ji tambayarka. Ka samu gurbi a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, an sa muku darasin share fagen kwamfuta a zangon farko. Takardar malamin ta ce dole kowa ya halarci aikin hannu da suke kira TP, a miƙa aiki a kan lokaci, ba kwafar na wani, ba soka kile, wato ɗan filashin ajiye fayil, a injin aji sai da izini. Kai kuwa ka ce shekara biyu kana shagon nan, kana kwance inji kana ɗaurawa, kana zuba Windows, me zai hana ka riƙe mini shago, ranar jarrabawa ka je ka rubuta?

A'a. Ka je, ka kuma zauna a layin gaba.

Ban raina hannunka ba. Ina tsaye ka hure ƙurar hunturu daga fankar injin mai kantin maganin nan, ya daina mutuwa da azahar. Sai dai cikin injin ka sani, aikin da ake yi da shi kuwa da sauranka. Ka tuna ɗalibar da ta kawo kundinta na kammala karatu, ka zauna kana danna ɗigo ɗaya-ɗaya don jera kanun babi da lambar shafi? Ta ƙara sakin layi guda, lambobin duk suka goce, kuka koma farko har la'asar. Da an sa wa kowane kan babi salon Titre 1, ƙananan kuma Titre 2, da Word da kansa ya jera su, ya gyara lambobin da dannawa biyu. Irin wannan ake koyarwa a ajin da kake son tsallakewa.

Ga kuma maganar allon rubutu, wadda na fi jin tsoro a kanka. Yawancin injunan da muke sarowa daga Kano masu jerin haruffan Ingilishi ne, QWERTY, a kansu yatsunka suka saba. A makarantunmu da ofisoshinmu na Faransanci, AZERTY, ka fi tararwa. A ya koma wurin Q, Z ya koma wurin W, M ya hau kusa da L, lambobin sama ba sa fita sai ka riƙe maɓallin Maj, wato Shift, alamar adireshin imel kuma sai da AltGr da sifiri. Yanzu ka duba haɗarin: ka yi kuskure, hannunka ya tafi inda ya saba don Ctrl da Z ya mayar da kai baya, alhali a wannan gurbin W ne ke zaune. Ctrl da W rufe takarda yake yi. A cikin jarrabawa mai ƙidayar minti, gumi na zuba, wannan kaɗai ya isa ya ruɗa mutum. Zama a TP mako bayan mako ne ke sa yatsa ya san sabon gida.

Excel, manhajar lissafi, ma haka. Na Faransanci umarnin lissafi irin SOMME da MOYENNE da SI ya sani, kuma waƙafi mai ruwa yake so tsakanin ɓangarorin lissafi. Ka rubuta 12.5 a maimakon 12,5, sai ya ɗauke shi rubutu, ya tura shi gefen hagu, ya tsallake shi wajen tarawa, bai ce maka uffan ba. Ɗan kasuwar Dole, babbar kasuwar garinmu, da zai kawo maka lissafin buhunan gero da wake, da irin wannan kuskuren kake cinye masa riba ko ka ɗora masa bashin da bai ci ba.

Kan maki, ka san tsarin karatun jami'a na LMD: zango shida, kowanne kiredi 30, a haɗa 180 kafin a ba ka lisans, kuma 10 cikin 20 ake nema. Ayyukan aji suna da kasonsu a makin ƙarshe, takardar ma ta faɗa. Wanda bai zo ba ya zubar da wannan kason tun kafin a raba takardar jarrabawa. Darasin da ɗalibai suke gani ƙarami shi ne ya fi jan mutum zuwa zagaye na biyu na jarrabawa.

Dokar lokaci ba baƙuwa ba ce gare ka. Mai ɗaurin aure ya ce katinsa Alhamis, ka taɓa jin na ce masa wuta ta ɗauke? Mun san garinmu, mun san yadda wuta take a watan Afrilu da Mayu. Shi ya sa nake maka faɗan adana aiki da Ctrl da S duk bayan ƴan layuka. Aiki ya kwana a wuri uku: injin, kile, sannan ka aika wa kanka ta imel. Ka gama kwana biyu kafin wa'adi. Sunan fayil kuma yadda malam ya ce, harafi da harafi, domin mutumin da zai buɗe aikin aji guda ba shi da lokacin neman wane ne "Document1".

Dokar kile kuwa kai shaida ne. Sau nawa aka shigo mana da wanda cuta ta ɓoye fayilolinsa ta bar gajerun hanyoyi, mai shi yana hawaye? Inji guda ya kamu a ɗakin aji, kafin sati ya zagayo ya raba wa kowa.

Saura maganar da ta fi damuna. Ƴan ajinku za su gane kai yaron shago ne. Za su zo da daɗin baki, wasu da kuɗi a hannu, ka yi musu aikin. Kada ka karɓa, ko a aji ko a shagona. Fayil ɗin Word yana riƙe da sunan wanda ya fara shi da wanda ya gyara shi daga ƙarshe, malami ya san inda zai duba, kuma hukuncin kan hau mai kwafa da wanda ya bayar. Ko da ba a kama ku ba, ka cuci yaron, don gobe shi za a zaunar a ofis a ce ya tsara albashin mutane. Wanda ya nemi taimako, ja masa kujera ya zauna, linzami a hannunsa, kai ka tsaya a bayansa kana nuni da baki. Haka na yi maka ranar da ka fara zuwa. In kuma malam ya faɗi abin da ka ga ba haka yake a aikace ba, ka bari a tashi, ka same shi cikin ladabi.

Batun shago ka bar mini. Ranakun TP ƙanenka zai riƙa zama wajen fotokwafi, gyaran da ya taru mu yi shi tare bayan isha'i. Gobe in Allah ya kai mu ka kawo jadawalin mu manna a bango. Akwai tsohon allon AZERTY a kwalin da ke ƙarƙashin firinta, ka ɗauko shi yau, ka goge, ka haɗa a injin da kake aiki.