Faifan garmaho: daga ina daɗin sautinsa yake fitowa?

Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Ingila ya dawo mana da faya-fayan garmaho sababbi fil, abin da na zaci ya mutu tun zamanin kaset. Ya ce sautinsu ya fi na waya da na CD. A kwalin wasu an rubuta giram 180, ya ce su ne masu tsada. Gaskiya ne? Kuma me ke sa wani faifai ya fi wani daɗin saurare? — Daga Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Faifai bai mutu ba. A shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da garmaho ya wuce CD a can tun 1987.

Sai dai maganar ɗanka tana buƙatar gyara. Idan na'urar awo aka kawo, CD ne a gaba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel 96 a ma'aunin ƙarfin sauti, faifan garmaho mai kyau kuwa da wuya ya haura 70, ga ƙas-ƙas ɗin da ba ya rabuwa da shi. Amma kunnen yaron bai yi masa ƙarya ba. Tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ɗaga ƙara, suna matse waƙa ta yadda komai zai fito da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, ganga da murya da jita duk a cunkushe. Faifai ba ya ɗaukar wannan matsin, domin allura ba za ta iya bin tsagin da kyau ba. Shi ya sa a kan yi masa gyaran sauti na daban mai sassauci, sai ka ji waƙar tana numfashi. Daɗin da yake ji yawanci daga wannan gyaran ne.

Ka ɗauki faifai ɗaya ka karkata shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Layukan da kake gani tsagi ɗaya ne tak, ya taso daga baki yana zagayawa har tsakiya, faɗinsa bai wuce silin gashi ba, tsawonsa a fuska ɗaya ya kusa rabin kilomita. Bangon tsagin guda biyu ne, ɗaya na lasifikar hagu, ɗaya na dama, kuma kowane lanƙwasa a jikinsu sauti ne. Inda ka ga layukan sun yi duhu sun matsu, waƙar ta yi sanyi a wurin. Inda suka yi walƙiya suka buɗe, nan ne makaɗa suka saki hannu. Duk abin da za ka ji yana cikin wannan tsagin, don haka tambayar ita ce wa ya yanka shi, daga wane tushe, kuma wace masana'anta ta buga.

Tushe shi ne kan gaba. Faifan da aka yanka daga ainihin tef ɗin da aka naɗi waƙa a kai, ko daga kyakkyawan kwafinsa na kwamfuta, ba zai taɓa zama ɗaya da wanda aka kwaso daga tsohon CD ko daga intanet ba. Akwai masu buga faifai da yawa a yau da ke yin na biyun, su yi masa kwali mai ƙyalli. Ku lura ban ce kwamfuta ce matsalar ba. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda masu kunnen sauti ke rantsuwa da shi, ya yi shekaru yana bi da waƙoƙi ta kwafin dijital kafin ya yanka, alhali masu saye sun ɗauka kai tsaye daga tef ne. An kai shi kotu, an yi sasanci da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 25. Ɓoye hakan laifi ne, ba shakka. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon shekarun nan ana ta yabon faya-fayan, domin an yi aikin da kyau.

Sai mai yanka. Ana ɗora farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai laushi a kan injin yanka, irin na kamfanin Neumann na Jamus, wata allura mai zafi tana tsaga shi yayin da waƙar ke tafiya. Babu gyara, in an yi kuskure sai a ɗauko sabon faranti. Injiniyan da ke tsaye a nan ciniki yake yi da fili. Amo mai kauri, irin na babbar ganga, yana cin wuri domin tsagin sai ya yi faɗi. Idan aka ce sai an cusa minti 28 a fuska ɗaya, maimakon 20 zuwa 22 da faifai ke ɗauka cikin walwala, dole ya rage ƙara ya rage kauri, sai ƙas-ƙas ya fito fili. Akwai kuma matsalar tsakiya. Faifai na juyawa sau 33 da sulusi a minti, amma a bakinsa tsagi na wucewa ƙarƙashin allura da gudun santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa sai ya sauko wajen 20. Sauti iri ɗaya, fili ƙasa da rabi. Shi ya sa waƙar ƙarshe take yawan shaƙewa, harafin "s" ya riƙa tsatsa a bakin mawaƙi. Gwanin injiniya ya san haka, yakan nemi a ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshe. Shi ya sa kuma wasu kamfanoni ke raba kundi ɗaya gida biyu a kan gudun 45, don tsagin ya sami fili.

Daga nan a fesa wa farantin azurfa, a tsoma shi a ruwan nikel da lantarki, a ɓamɓaro ƙarfen da suke kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da zai yi bugu. Injin bugu na matse curin roba mai zafi tsakanin hatimi biyu da nauyin da ya kai tan 100, tururi ya narkar, ruwa ya sanyaya, cikin kamar daƙiƙa 30. A nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Hatimi yana cinyewa, masana'antar kirki takan sauya shi bayan faifai dubu ɗaya ko ɗan fiye, mai son riba kuma ya ci gaba da bugu har sirarran sautuka su dushe. In zafi bai isa ba, roba ba ta cika tsagin, sai ka ji kamar ana yage ƙyalle. In an cire shi bai huce ba, ya kantare. In ramin tsakiya ya goce ko kaɗan, za ka ga hannun allura yana kaiwa da komowa hagu da dama, muryar mawaƙi tana lilo. Robar ma iri-iri ce. Bayan tashin farashin mai na 1973, masana'antu da dama sun koma niƙe tsofaffin faya-fayai suna sake narkarwa, wani lokaci har da guntun takardar tsakiya, kuma kunne na jin wannan.

Batun giram 180 fa? Zurfin tsagi tun wurin yanka aka gama shi, kaurin roba ba ya ƙara masa komai. Faifai mai nauyi ya fi zama daram a kan na'ura, ya fi daɗin riƙewa, iyakarsa ke nan. Ina da kundi ɗaya kwafi biyu, tsoho siriri na shekarun 1970 wanda in ka girgiza shi har lanƙwasawa yake, da sabo mai giram 180. A tsohon ina jin yatsun mai kaɗa ganga suna sauka a kan fata. A sabon gangar tana nan, yatsun babu.

Ka ce wa yaron ya riƙa duba santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Akwai lambobi da haruffa da aka karce da hannu ko aka buga, su ne ke faɗin wane yanka ne, sau da yawa har da alamar injiniyan da masana'antar. In ya rubuta su a Discogs, shafin intanet da ke tara bayanan faya-fayai, zai ga asalin bugun. Masana'antu irin su Pallas da Optimal a Jamus, da RTI da QRP a Amurka, sun yi suna wajen tsaftar aiki. Faifai mai hoto a jikinsa kuwa na ado ne, ya fi kowanne surutu.

Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da faya-fayai, har da na mawaƙanmu na Hausa. Wasu sun lanƙwashe, wasu in an sa sai tartsatsi. Akwai yadda za a yi? — Daga Damagaram

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. 'Yar'uwa, don Allah kada ki yar da ko ɗaya. A shekarun 1970 kamfanonin EMI da Decca suna aiki a Legas, Tabansi na da masana'antar bugu a Onica, kuma tef ɗin asali na waƙoƙi da yawa na wancan zamani sun ɓace ko sun lalace. Wata waƙar, kwafin da ke akwatin gida irin naku shi ne abin da ya rage.

Fara da rarrabewa. Masu nauyi da tauri, waɗanda aka rubuta 78 a jikinsu, wato juyi 78 a minti, ba roba ba ce, wani ƙaro ne mai fashewa kamar tangaran. Kada sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi, kuma allurarsu daban ce, ta fi ta sauran kauri. Masu 33 da 45 su ne na roba.

Yawancin tartsatsin ƙura ce. Ƙurar hunturu ta fi gari laushi, tana shigewa can ƙasan tsagi, busasshiyar iskar kuma tana tara wa roba irin wutar nan da ke sa mayafi ya manne a jiki, sai faifan ya riƙa janyo ƙura da kansa. Nemi tataccen ruwa na kantin magani, domin na rijiya ko na leda yana barin gishiri in ya bushe. Ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke digo ɗaya a cikin kofi, ki jiƙa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ki bi tsagin a zagaye, kada ki ratsa shi. Ki kare takardar tsakiya, ki ɗauraye, ki jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Ban da omo, ban da kananzir. Idan kin wanke kin ga tsagin ya yi fari-fari kamar toka, tsohuwar allura ce ta cinye shi, wannan ba ya gyaruwa, amma a haka ma a adana shi.

Lanƙwasa kuwa aikin zafi ne da jibgewa. Ɗakin kwano a watan Afrilu ya isa ya karkatar da roba. A tsaye ake ajiye faifai kamar littattafai, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga. Wanda ya ɗan karkace, a sa shi tsakanin gilasai biyu a ɗora littattafai masu nauyi a bar shi makonni. Za a ce miki a shanya a rana. Kada ki yarda, tsagin ne zai narke.

Malam, na sayi na'urar garmaho ta gwanjo da aka kawo daga Amurka. Muryoyi na fitowa da nauyi kamar mawaƙin ya gaji, kuma in na jona da amfilifaya sautin ƙasa-ƙasa ne, ba kauri. — Daga Kaduna

Matsala biyu ce, ɗan'uwa. Wutar Amurka na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma injin tsofaffin na'urori da yawa da wannan kaɗawar yake auna gudunsa. Taransifoma na sauke ƙarfin wuta zuwa 110 kawai, ba ya taɓa kaɗawar, don haka faifan 33 sai ya koma juyi 28 ba kaɗan. Akwai manhajojin waya da ke auna wannan, ka ɗora wayar a kan farantin ka kunna. Maganin shi ne mai gyara ya sauya ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa a kan injin da na wuta mai 50. A kan janareto ma irin wannan na'ura takan yi ta sauri da jinkiri. Masu kulle gudu da kwatz, wato ɗan dutsen da ke daidaita agogon batir, irin Technics SL-1200 MK2 ta 1979, ba ruwansu da wannan.

Ta biyun ba lalacewa ba ce. Tun 1954 aka daidaita cewa wurin yanka a rage amo mai kauri a ɗaga siriri, wurin saurare a mayar da su. Ramin da aka rubuta PHONO a bayan amfilifaya shi ke wannan aikin, ya kuma ƙara ƙarfin siginar. Ka jona a nan, in babu ka sayi ƙaramin akwatin fono ka sa a tsakani. Ka ɗaura siririyar wayar ƙasa don kashe gurnani. Kuma ka sauya allurar kafin ka ɗora faifan da kake ji da shi, tunda ba ka san awa nawa ta yi ba, allurar daimon kuwa daga awa 500 zuwa 1000 ta gama aiki. Yawancin allurai nauyin giram 1.5 zuwa 2.5 suke so ya danna su a kan faifai, kada ka ɗora mata kwabo don ta daina tsalle.

Malam, yaya zan kwafe faya-fayan garmaho zuwa waya? — Daga Kumasi

Ajiye waya a gaban lasifika zai naɗo har kukan kaji. Wanke faifan tukuna, ka jona akwatin fono da kwamfuta ta ƙaramar na'urar sauti ta USB, ka naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce. Kada ma'aunin ƙara ya taɓa ja. Adana asalin a WAV ko FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, wuri biyu, ka fitar da MP3 don waya. Ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya da takardar tsakiya, sunayen makaɗa da shekarar bugu galibi a nan kaɗai suke. In za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda ka naɗe shi.